Addu'ar da Ta Narkar da Afogato

Tashkent, farkon zafi.

Zuwa ga ƙanwata Hulkar,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Istanbul. Yaya ciwon bayan? Zumrad 'yar kasuwa ta ce ta gan ki kin rame, na ce mata haka kike tun kina yarinya, ki ci ki ci ba a gani a jikinki. Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da ba ta shiri da bene. Ɗana Javlon yana gaishe ki. Matarsa Mohira ciki ya fito sosai, likita ya ce sai lokacin rumman in Allah ya kai mu.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Wayar da ke hannuna Mohira ce ta saya, ita ta san cikinta da wajenta, ga bangon gidan nan in na yi tari a ɗaki sai in ji an ce mini sannu daga kicin. Na kashe ta na cusa ƙasan akwati. Tunda Zumrad tana zuwa sarin kaya wajenku, ta hannunta za mu riƙa magana.

Kin san abin da ya kawo ni garin nan. Na rufe gidanmu na Kokand, na bar wa maƙwabta kaji, don jikana na fari ya faɗo a hannuna, ni in yi masa wankan farko, ni in raɗa masa suna kamar yadda uwar mijina ta raɗa wa Javlon. Bayan wannan ba ni da sauran buri a duniya. To akwai wadda zamana ya tsone wa ido.

Gulchehra, uwar Mohira, ta gayyace ni zaman da suke yi da ƙawayenta duk wata. Na sa rigata ta alharini, na ƙunsa gurasa da alewa kamar yadda ake zuwa gidan mutane. Ashe ba gida za mu ba. Gidan gahawa ne, irin masu rassa a kowane titi, gilashi ta ko'ina, kina zaune masu wucewa suna kallon abin da kike haɗiya. Ba mai zuwa ya tambaye ki, sai kin tashi kin je kin tsaya kin faɗi sunan abin da kike so, sunayen kuwa ko ɗaya bakina bai san hanyarsa ba. Ƙunshin gurasar haka ya wuni a cinyata kamar na zo talla.

Kowacce ta je ta faɗi nata, aka kawo musu 'yan ƙananan kofuna, gahawa can ƙasa-ƙasa, daidai yadda ake girmama mutum. Har na ce a raina ashe Tashkent da sauran tarbiyya. Sai Gulchehra ta ce in yi zamana, ita za ta zaɓar wa baƙuwarta. Abin da aka dire a gabana kofin roba ne mai tsawon damtsena, cike maƙil da niƙaƙƙiyar ƙanƙara da madara, wai firafe. Hakan bai ishe ta ba, ta ɗaga hannu ta ce a ƙara mini esfireso a kai, wato baƙar gahawar nan tasu mai ɗaci. Aka tsiyaya har ya kai baki ya gangaro ta gefe.

Hulkar, kin san gidan da muka tashi. Inna ta taɓa cika wa baƙo finjali? Kaɗan ake zubawa, ya shanye a ƙara, ya shanye a ƙara, don ya san ana son zamansa. Wanda aka cika wa kuwa an ce masa ya sha ya kama hanya, kuma babu ɗan ƙasar nan da bai san haka ba, ko a saman bene aka haife shi. Gulchehra ta turo mini kofin da yatsa tana murmushi.

"Sha, Sabohat. Mu a Tashkent ba ma rowa. Cikawa muke yi, mutum ya sha sau ɗaya ya huta."

Nan take wata ƙawarta ta tambaye ni ko ban yi kewar Kokand ba, wata kuma ta sa bakin gyale ta toshe dariya. Mohira tana zaune a wurin, duk a kan idonta aka yi. Na shanye shi tas don kada a ce ya fi ƙarfina, na yi kwanaki muryata a dishe. Da na gaya wa Javlon sai ya ce haka ake sayar da shi, kowa haka ake cika masa, in daina neman magana. Ɗan da ni na koya wa riƙe butar shayi ke nan.

Ba zan tafi ba, kuma ban yafe ba. Ke da kike zaune cikin masu shan irin waɗannan abubuwa, ki gaya mini yadda zan rama a wurin da aka yi mini, a gaban matan da suka gani.

Yayarki,
Sabohat


Istanbul.

Yaya Sabohat,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗin jin kuna lafiya. Bayana da sauƙi. Tsohuwata tana nan da ranta, jiya ma ta jefe ni da cokali, alamar ƙarfi ya dawo. Ki gaya wa Zumrad ramata ba ta kai ta kayan da take saro muku ba, wanki ɗaya sun zama tsumma.

Na karanta zancenki a tsaye, na kasa zama. Ni matar nan ba yau na san ta ba. Kin manta ranar bikin Javlon? Ta zaunar da mu 'yan Kokand a bakin ƙofa, inda masu rabon abinci suke taka mana ƙafa, sannan ta nuna ni ga danginta ta ce ga ƙanwar da ke wanke wa Turkawa tsofaffi. Na haɗiye saboda ke. Yanzu da ta taɓo ki, har nawa za ki haɗa ki rama.

Ga abin da za ki yi. Duk yammacin da rana ta yi kyau ina tura tsohuwata a keke zuwa irin wannan gidan gahawa, 'yarta tana samun mu a can. Akwai abin da take sha, sunansa afogato, na mutanen Italiya ne. Curin askirim ake sawa a ɗan kofin gilashi, a zuba masa esfireso mai zafi a kai. Abu ne da ba ya jiran kowa. Ana zubawa za ki sa cokali, in kin tsaya waige ya zama ruwa. Ran nan waya ta ɗauke mata hankali, kafin ta juyo ya narke ya malale mata a tebur, ta yi ta masifa da Turkanci.

To ki yi tunani. Kin girmi Gulchehra, ko da ta rina gashi. In ke kika gayyata, ke ce mai masauki kuma ke ce babba, wa zai yi addu'a kafin a taɓa abinci in ba ke ba? Kuma wace mace ce za ta sauke hannu ana tsakiyar addu'a, ƙawayenta suna kallo? Ki sa a kawo wa sauran tiramisu, wani kek ne mai laushi da aka jiƙa da gahawa, shi ko wuni ya yi yana nan yadda yake. Ita kaɗai za ki sa a kawo wa afogato, ki ce girmamawa ce. Ana zuba gahawar ki ɗaga hannu. Na san tsawon addu'arki, Yaya, muna yara shinkafa ta sha yin sanyi a gabanmu saboda ke.

Abu ɗaya kawai, kada ki je ranar ki tsaya kina in-ina a gaban mai sayarwa. Ki riƙa zuwa ke kaɗai har bakinki ya saba, har ki iya faɗin sunan kina kallon wani wuri kamar yadda suke yi. Kuma ki sha madara mai zafi da man shanu saboda maƙogwaron.

Ki gaishe mini da Javlon, amma gaisuwar kaɗan, bai cancanci mai yawa ba.

Ƙanwarki,
Hulkar


Tashkent, lokacin kankana.

Ƙanwata,

Ina gaishe ki da aiki. Allah ya ƙara wa tsohuwarki lafiya, ya kuma kare ki daga cokalinta. Muryata ta dawo. Zafin garin nan kuwa ba a magana, kwalta har laushi take yi a ƙarƙashin takalmi.

Allah ya yi miki albarka, tun kina ƙarama na san kanki ya fi nawa mugunta. Na bi shawararki. Na samu wani reshe nesa da unguwarsu, ina ce wa mutanen gida zan je kasuwa. Ranar farko na tsaya a layi kamar zan shiga wajen alƙali. Yanzu kuwa ina isa zan ce afogato, esfireso ninki biyu, idona yana kan titi. Zan gaya miki abin da ya ba ni haushi: abin nan yana da daɗi. Zafi da sanyi da ɗaci da zaƙi duk a cokali ɗaya. Kada ki gaya wa kowa na faɗa.

Na gano wani abu da ba ki sani ba. In aka sa shi a babban kofi, ko ya narke a ciki yake tsayawa. Sai na ce a ba ni a ƙaramin gilashi, a ƙara curin askirim har ya yi tozo sama da bakin. Mai sayarwar ya ce zai zube, na ce masa in ya zube nawa ne ya zube. Na zauna na gwada, ina karanta addu'ar a zuci ina kallon kofin. Kafin in gama da dangin Baba ya fara gangarowa, ina shiga dangin Inna ya cika faranti ya kama hanyar bakin tebur. Teburansu ƙanana ne, ba nisa tsakanin faranti da cinya.

A gida kuwa sai a hankali. Mohira tun ranar nan ta zama bebiya. Idonta kullum ja, in na shigo ɗaki sai ta miƙe ta rasa abin da za ta ce. Ta daina zuwa gidan uwarta ranar Lahadi, alhali da ko ruwa ake yi da ƙanƙara sai ta je. Kullum tana gida tana bi na da madara mai zafi, tana tambaya ina za ni, yaushe zan dawo. Ni ba yarinya ba ce. Uwarta ce ta sa ta ta tsare ni, ta ga ko na fara haɗa kaya. Ina karɓar madarar in ce an gode, ba na ƙara ko kalma.

Ranar ma ta samu. Kin san shekarar rasuwar baban Javlon ta kusa zagayowa. Na ce a bana ba sai an dafa shinkafa an tara unguwa ba, zan gayyaci Gulchehra da ƙawayenta gidan gahawar nan nasu, a yi masa addu'a a can, tunda nan suka fi so. Ba mai ƙin zuwa addu'ar mamaci. Javlon har rungume ni ya yi, wai ya san uwarsa mai haƙuri ce. Mohira ta yi murmushi, karo na farko tun da abin ya faru, na ce a raina yi abinki, yarinya.

Ranar Alhamis ta ƙarshen watan nan ce. In ban ji daga gare ki ba kafin nan, na san ba ki da abin gyarawa.

Yayarki,
Sabohat


Istanbul.

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, lafiyata ƙalau, ina fata ke ma haka. Don girman Allah ki dakata. Kada ki yi abin nan.

'Yata Sevara ta kira ni, kin san ita da Mohira ba sa ɓoye wa juna komai. Yaya, mun yi wa yarinyar nan mummunar fahimta. Ranar da aka cika miki kofi, tun a mota ta tasa uwarta gaba. Ta ce mata ta san abin da ta yi kuma ta san da gangan ne, ta ce ba za ta sake taka gidanta ba sai ta zo har gida ta ba ki haƙuri. Shi ya sa ba ta zuwa ranar Lahadi. Ta gaya mata daga asibiti gidan mijinta za ta wuce, ke za ki yi wa jariri wanka, sunan da kika zaɓa shi za a sa. Gulchehra tana ta kuka tana aiko mata 'yan'uwa, ta ƙi sauraron kowa. Jan idon da kike gani ke nan. Kunyarki take ji, shi ya sa ta kasa yi miki magana.

Kin riga kin rama ba ki sani ba. Wace rama ce ta fi a ce 'yar da ta haifa ta zaɓe ki a kanta? In kika wulaƙanta matar nan a gaban Mohira, da hannunki za ki mayar mata da ita, don komai lalacewar uwa ba a taɓa ta a gaban 'yarta.

Kuma ni addu'ar cin abinci na ce miki, ban ce ki sa mamaci a ciki ba. Wannan ƙarinki ne, kuma bai kwanta mini ba.

Na kira wayarki har na gaji, tana can ƙasan akwati. Javlon ba zan iya gaya masa ba sai na tona ki, Sevara kuwa in ta ji da safe Mohira ta ji kafin azahar. Zumrad ta ce jibi za ta tashi, na roƙe ta daga filin jirgi ta wuce wajenki. Ki je ranar, ki saya wa kowa tiramisu, ki yi gajeriyar addu'a, ki dawo gida ki bar Gulchehra da ciwonta.

Hulkar


Tashkent, ranar Juma'a.

Ƙanwata abar alfaharina,

Ina gaishe ki da babbar murya. Lafiyata yau ta fi ta kullum, gwiwar ma ban ji ta ba, da ƙafa na hau benen nan. Ban samu amsarki ba, an ce Zumrad ta tsaya a garin Bursa wai wani kaya bai iso ba. Ba komai, shirunki ya ishe ni. Zauna ki sha labari.

Jiya duk sun zo, har da mai dariya cikin gyale. Gulchehra ta shigo a ƙarshe kamar yadda ta saba, don a tashi a gaishe ta. Hulkar, kamar ta san shirina ta taimake ni. Riga ta sa ta siliki mai ruwan madara, tun daga wuya har ƙasa. Ta yi sanyi ƙwarai, ta riƙe hannuna biyu tana tambayar gwiwata, har kamar tana son ta ja ni gefe ta ce wani abu. Na ce mata a bari sai an gama, mamaci ne a gaba.

Na tashi na je na yi oda da kaina, da ƙarfi yadda za su ji. Tiramisu ga kowa, afogato ɗaya a ƙaramin gilashi, a ƙara curi, esfireso ninki biyu. Na ga sun kalli juna, ba su zaci bakin 'yar Kokand zai iya ba. Da aka kawo na ce wannan na surukata ne ita kaɗai, tunda ita ta fara nuna mini hanyar wurin nan. Na karɓi ɗan tulun gahawar na tsiyaya mata da hannuna, tururi yana tashi. Ta ɗauki cokali ke nan na ɗaga tafukana na ce bismillah.

Ta ajiye cokalin. Ya za ta yi? Kowa ya ɗaga hannu.

Na fara da baban Javlon, na roƙa masa rahama a tsanake. Na wuce iyayensa da kakanninsa, kowa da sunansa da sunan garinsu. Na shiga dangin Baba. Idona a ƙasa yake, amma ina ganin kofin ta tsakanin yatsuna. Tozon ya karkace, ya zame, ruwan ƙasa-ƙasa ya fara bin gefen gilashi. Da na shiga dangin Inna faranti ya cika. Na roƙa wa malaman da suka koya mana karatu, da maƙwabtanmu na Kokand da suka riga mu, har da mai gidan burodin bakin masallaci. Ruwan ya kama hanya a kan tebur, a hankali, kai tsaye wajenta. Tana kallonsa yana tahowa, hannuwanta a sama, tana cewa amin da ƙarfi ko zan gane in taƙaita. Ya isa bakin tebur ya fara ɗiga a cinyarta. Na ƙara da matafiya da marasa lafiya da masu neman haihuwa. Sai da na ga kofin ya koma kwatami, rigar ta sha iya shanta, sannan na shafa.

Na dube ta na ce, "Af, Gulchehra, ashe ya cika har ya zuba. Ki yi haƙuri, mu a Kokand ba mu iya cikawa ba, wajenki nake koyo."

Mai gyalen nan ce ta fara fashewa, sauran suka bi, wata har da tari. Ƙawayenta na shekara da shekaru, Hulkar. Ta zauna fuska ja wur, ta kasa tashi don kowa a gidan zai ga gaban rigar. Wallahi tun da na zo garin nan ban ji sanyi a raina irin na lokacin ba.

Mohira ce ta ɗan rage mini daɗi. Ta tashi da tulun cikinta ta durƙusa a ƙasa, ta cire gyalenta tana goge wa uwar cinya. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba.

"Mama, a cikin addu'ar Baba?"

Na ce mata ban faɗi ƙarya ko ɗaya a ciki ba, duk wanda na ambata yana bukatar rahama. Ta yafa wa uwarta rigarta ta sama, ta kama ta suka fita. Har yanzu ba ta dawo ba, tana can tana lallashi, ai dole. Ni kuwa na zauna na cinye tiramisuna, na cinye na Mohira ma don kada a yi asara.

Na rama miki bakin ƙofar nan, har da riba.

Yayarki,
Sabohat


Tashkent, lokacin inabi.

Hulkar,

Ina fata kina lafiya. Ni ga ni nan.

Zumrad ta kawo takardarki bayan komai ya wuce, tana ba ni labarin arhar tawul a Bursa. Na karanta, na sake karantawa. Allah ya isa tsakanina da tawul ɗinta. Ke ma da kin ga abin da gaske ne ai da kin san yadda za ki yi, ko Javlon ɗin ki kira ki tona ni, ya fi wannan.

Mohira ba ta dawo ba. Javlon ya zo ya kwashi kayanta, bai zauna ba. Bayan 'yan kwanaki ya dawo ya kwashi nasa, ya ce matarsa ta kusa, ba zai bar ta ita kaɗai ba. Na ce masa a gidan surukai zai tare, ɗan Kokand? Ya ce a gidan da aka bar sunan ubansa ya huta. Ya ce gidan nan nawa ne in zauna iya son raina, ba mai kora ta. Yana aiko da cefane, mai kawowa ya ajiye a ƙofa ya buga ya tafi.

To ga ni, ban tafi ba, kamar yadda na rantse. Ɗakin da aka shirya wa jariri yana nan, ina share shi kullum. Na fito da wayar daga akwati na kunna, tana kan tebur, ba ta yi ƙara ba tukuna.

Kada ki zaci na yi nadamar rigar. Matar nan da gangan ta yi mini, takardarki ma ta tabbatar, kuma da za a mayar da ni teburin nan ita dai sai ta jiƙe. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne madarar yarinyar nan, da nake karɓa ina kawar da kai. Amma in je ƙofar Gulchehra in durƙusa, wannan kada ma ki fara rubuto mini. In haihuwa ta zo dole su neme ni. Jinin ɗana ne, kuma suna yana bakina, na namiji da na mace, ban gaya wa kowa ba.

In Sevara ta ji wani abu ki sanar da ni.

Sabohat


Istanbul, lokacin rumman.

Yaya Sabohat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki fatan lafiya da ƙarfin zuciya. Ni lafiya, tsohuwata ma haka.

Shekaranjiya da na kira ki, ba gwiwarki na kira tambaya ba. Da na ji yadda kika ɗauki wayar tun kafin ta gama ƙara, na ji muryarki, sai bakina ya mutu. Ki yafe mini, a takarda kawai zan iya.

Mohira ta sauka tun makon jiya. Mace aka samu, lafiyayya, uwa ma lafiya. Sevara ta gan ta a waya, ta ce goshin Javlon ne sak, wato naki. Daga asibiti gidan Gulchehra aka wuce da su, ita ta yi wankan farko. Sun raɗa suna, Shirin. Ban sani ba ko ya yi kusa da wanda kika ajiye.

Raina ya ɓaci ƙwarai, Yaya. Matar nan ta ci riba a kanmu, rigar siliki ɗaya ta bayar ta karɓi jika. An ce har ƙawayen da suka yi mata dariya sun aiko da kayan barka, tana ta baza haƙora. Ban yafe mata ba, kuma ba zan ce ki yafe ba. Amma tsakaninki da jikarki tafiyar bas ce 'yar kaɗan, ga shi sai da labarin ya zo Istanbul sannan zai komo miki a jakar 'yar kasuwa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na san kina gama karantawa za ki ɗauki gyale, shi ya sa dole in gaya miki sauran. Sun rufe ƙofa kamar yadda aka saba, 'yan gida kawai ke ganin jariri, baƙi sai an yi arba'in. Na sa Sevara ta tambayi Mohira ta wayar bidiyo, ba Gulchehra ba, ita Mohira da kanta, ko yaushe kakar yarinya ta wajen uba za ta zo ta ɗauke ta. Ta ce Mohira ta daɗe tana kallon jaririyar, sannan ta amsa ba tare da fushi ba.

"Ai na faɗa, baƙi sai an yi arba'in."

Ki ci abinci, Yaya, ko kaɗan ne.

Ƙanwarki,
Hulkar